Saura Awa Biyu

Lahodu, ƙasar Wurno,
2 ga Oktoba.

Zuwa ga taubashina Sirajo, Sarkin Barcin hanyar Legas.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, da fatan wannan takarda za ta ishe ka a farke, ko da yake ban sa rai ba. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. An fara yankan gero, wake ma ya yi kyau bana. Yarana suna gaida kawunsu, Babana kuma ya ce a sa maka albarka.

Ka ga yadda aka mai da mu baya. Tun da aka katse layin waya a yankin nan saboda ɓarayin daji, wayata ta koma fitila. Shi ya sa na yago takarda daga littafin 'yan ajina zan ba Mode, direban albasa na Goronyo, tunda ya ce garejinku ba nisa da inda yake sauke kaya.

Goggo ce ta sa ni rubutun. Kai ka san halin mahaifiyarka. Da, kafin ka tayar da mota sai ka kira ta, ita kuma ta bi ka da lokutan salla: da asuba ya tashi, da hantsi ya tsaya shan shayi, da magariba ya ajiye mota. Matar da ba ta taɓa wuce Sakkwato ba, amma ta san Jebba na gaban Ilori, ta san bayan Yawuri sai Koko. Yanzu duk ya ɓace mata. Jiya na ishe ta zaune jikin rumbu tana lanƙwasa yatsu, ta ce mini, "Hahiza, ban san inda yaron ga yak kwana ba. Ban san ko shina tahiya ko shina kwance ba. To mi za ni ƙidaya?"

Don haka ka rubuto mata ranakun tafiyarka, gari bayan gari, ta samu abin riƙewa.

Ƙafafunta sun ɗan kumbura, in ta yi tafiya kaɗan sai haki. Mun kai ta asibiti a Wurno an ba ta magani. Ta ce kada in gaya maka, ga shi kuwa na gaya, ka san bakina ba ya da marfi.

Mode ya ce shi kwana biyu ke kai shi Legas, kai kuma huɗu. Na ce masa ai taubashina ba direba ba ne, mai gadin katifa ne da aka ba aron tirela. Goggo ta ji, ta jefe ni da mafici. Ita ta ɓata ka tun farko. Ko makaranta ba ta taɓa tashinka ba, sai dai Babana ya shigo da tsumagiya ya yaye maka mayafi.

Ka gaida katifa.

Taubashiyarka,
Hafiza.

*

Legas,
11 ga Oktoba.

Zuwa ga Malama Hafiza, mai tuwo da gudaji.

Wa alaikumus salam. Takardarki ta zo tana warin albasa, na karanta ta a farke, Mode shaida ne. Ina lafiya. Ki gaida Kawu da yara da maigidanki, Allah ya ƙara masa haƙurin zama da ke.

Zancen ƙafar Inna ya tsaya mini. Ki hana ta gishiri, ki hana ta zuwa rijiya, in ta ƙi ki haɗa ta da Kawu.

Tunda kina koyar da yara, bari ni ma in koyar da ke. Dokar hanya ta ce direban babbar mota kada ya wuce awa biyar da rabi a jere bisa sitiyari, kada ya haura goma da rabi a yini, kuma ya samu awa takwas cur yana hutawa. Dokar ta daɗe a takarda, mutanenmu ne ba su waiwayarta. Kamfaninmu ya sa wata na'ura cikin mota, in ka zarce tana gaya wa ofis. Abokan aikina suna tsine mata kullum. Ni ba ta dame ni ba, don tun kafin a ƙera ta ina da tawa a Lahodu, wato Inna.

Ke kina goye lokacin da babana ya rasu, shi ya sa kike wasa da abin. Ni ina shekara bakwai. A tasha ana kiran babana Habu Ba-Kwana, kuma yana jin daɗin sunan. Ya taso daga Legas da lodin taki, kwana biyu bai runtsa ba, ya biyo gida ya ɗan kishingiɗa, ya tashi ya wuce zai sauke a Rara, can ƙasar Rabah. Da rana tsaka, hanya fetal, ba wata mota, ba rami. Ana hango rumbunan garin motar ta gangara. Ba a ga alamar ya taka birki ba.

Ranar da na karɓo lasisi Inna ba ta yi murna ba. Ta kira Kawu ya zauna, ta ce ba za ta hana ni sana'ar ubana ba, amma in yi mata alkawari a gaban ɗan'uwanta cewa ba zan taɓa hawa mota ba sai na cika barcina. Na yi. Shekara goma sha ɗaya ke nan ban saɓa ba. Ku yi ta dariya, ni dai Sarkin Barci na karɓi sarauta.

Ga abin da za ki karanta mata. Litinin 25 ga wata zan taso da lodin fulawa zuwa Sakkwato. Daren Litinin Ilori, Talata Mokwa, Laraba Yawuri. Alhamis da azahar ina Sakkwato, in an sauke kaya da marece ina gabanta in Allah ya so. Na saya mata man zafi da atamfa. Ke ban saya miki komai ba.

Ki gaya wa Inna: jiya tuƙi awa tara, barci awa takwas, ban rage ko minti ba.

Naki,
Sirajo.

*

Lahodu,
Talata, 26 ga Oktoba.

Sirajo,

Assalamu alaikum. Mu lafiya, amma Goggo ba lafiya. Tun Lahadi ba ta tashi ba. Kumburin ya hau har ciki, kwanciya ma ba ta iyawa sai an jingina ta. Mun koma asibiti jiya, likita ya duba ta ya daɗe, ya ce mu mai da ita gida mu yi ta addu'a. Ko kunu ba ya wucewa sai cokali biyu.

Mode zai tashi gobe da safe, ya ce lalle zai ishe ka a tashar manyan motoci ta Yawuri. Ban san ko za ta kai maraicen Alhamis ba. Wallahi ban sani ba.

In ka ga dama ka shimfiɗa tabarmarka ka cika awa takwas ɗinka, Sarkin Barci, sai mu ce mata kana hutawa.

Hafiza.

*

Mokwa,
20 ga Nuwamba.

Hafiza,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ya ƙarin haƙurinmu. Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta. Ni jikina ba abin da ke ciwo.

Na bar Lahodu bayan addu'ar uku ban yi miki sallama ba. Kin aiko a kira ni sau biyu na ƙi zuwa. Ban iya kallonki ba a lokacin, yanzu ma da takarda ce kawai zan iya.

Kin ga rabin abin, bari in gaya miki rabin da ba ki gani ba. Mode ya ishe ni a Yawuri bayan magariba. Awa goma na yi daga Mokwa a wannan hanya da kika sani a labari, na ajiye mota, na wanke ƙafa, na shimfiɗa tabarma ke nan. Na karanta takardarki. Layin ƙarshe sau uku na karanta shi. Mode da kansa, wanda ba ya kwana a hanya, ya riƙe mini riga ya ce, "Sirajo, idonka ya yi ja. Kwanta ko awa ukku, Allah na nan." Na fizge rigata. Na ce ba za a ce wa uwata ina hutawa ba.

Sau biyu tsakanin Jega da Tambuwal na farka na gan ni a hannun da ba nawa ba. Allah ne dai ya kawo ni. Na ajiye tirela a Sakkwato da asuba, na shiga motar farko ta Wurno.

Kina ɗakin lokacin da na shigo. Na durƙusa na kama hannunta, ta buɗe ido ta gane ni, na ga fuskarta ta saki. Sai ta dubi hasken ƙofa. Ta ce, "Yau wace rana?" Na ce Alhamis. Ta ce, "Alhamis da sahe." Sai ta ce, "Ina kak kwana?" Ban taɓa yi mata ƙarya ba, ban kuwa iya farawa ranar ba.

Ta zare hannunta daga nawa, Hafiza. Ta juya fuska bango ta ce, "Tahi zaure ka kwanta. Ba ni magana da kai sai ka cika takwas." Na ce Inna ki yafe mini. Ta ce, "Sai ka cika."

Na je zaure da niyyar in ɗan kwanta don ta huce, in dawo bayan rabin awa. Ban san lokacin da barci ya ɗauke ni ba. Abin da na sani shi ne hannun Kawu bisa kafaɗata da kukan mata a cikin gida, ladan yana shirin kiran azahar. Awa shida na yi. Na taso tun daga Yawuri, na karya alkawarin shekara goma sha ɗaya, na zo na kwanta taku ashirin daga inda uwata ke cikawa ina minshari.

Ke kika rubuta mini in taso. Sau nawa kika wuce ta zauren nan a ranar? Mi ya hana ki taɓa ƙafata?

Kamfani ya dakatar da ni mako biyu, na'urarsu ta gaya musu komai. Wannan bai dame ni ba. Abin da ke damuna shi ne tun ranar ban yi barcin kirki ba. Ina ajiye mota a kan lokaci, na'ura ta rubuta na huta awa takwas, ni kuwa idona biyu ina kallon ƙarƙashin tirela har a kira asuba. Da na rufe ido sai in ga bayanta.

Kawu ya ce ta yafe wa kowa. Haka ake faɗa a kowane zaman makoki. Ke kina wurin har ƙarshe. Ki gaya mini gaskiya don Allah, ko mai ɗaci ce: da fushina ta tafi?

Sirajo.

*

Legas,
19 ga Disamba.

Hafiza,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya.

Mode ya rantse mini a hannunki ya sa takardata, yau wata guda. Ya je Goronyo ya dawo sau uku, kullum in tare shi, kullum ya buɗe mini tafin hannu. An ce layi ya dawo a Wurno, na kira wayarki ba ki ɗauka ba.

Ban zo addu'ar arba'in ba. Na kasa tunanin shiga ta zauren nan.

Shekaranjiya gab da gadar Jebba na ji ƙarar tsakuwa ƙarƙashin taya, ashe na sauka daga kwalta ban sani ba. A takardar kamfani na cika hutuna daidai, ba mai abin cewa.

In shirunki shi ne amsar, na gane. Amma ki rubuta ko kalma ɗaya ce, in daina jira.

Sirajo.

*

Lahodu,
2 ga Janairu.

Ɗan'uwana Sirajo,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Babana ya rame tun rasuwar Goggo, amma yana fita masallaci. Takardunka biyu suna hannuna. Na ga kiranka, na zauna ina kallon wayar har ta katse. Na fara wannan amsa ya fi sau goma ina yagewa. Zancen gadar Jebba ne ya sa yau na ce ko mi zai faru sai na gama.

Laifina zan fara faɗa. Goggo ta hana a aika maka. Ranar Litinin da muka dawo asibiti ta tara mu ta ce, "Kada wanda ya aika mishi. In ya jiya, tasowa za shi yi. Alhamis da marece shina nan. In na kai, na kai." Na ce to, na fita na rubuta maka a ɓoye. Na ga kamar zalunci ne a bar ka kana kwance a Yawuri ba ka sani ba.

Layin ƙarshen nan kuwa, wallahi ba gori ba ne. Ina kuka na rubuta shi, kuma tun muna yara ban san wata hanyar yi maka magana ba sai tsokana. Na so in ce ina jin tsoro, sai wancan ya fito. Mode na tayar da mota na so in bi shi in karɓe takardar.

Yanzu ga abin da ya faru bayan ka fita ɗakin. Ba ta daɗe da juya baya ba ta ce, "Ya kwanta?" Na leƙa na ce ya kwanta. Ta ce mu ja shimfiɗarta kusa da ƙofa, mu ɗage asabari. Muka ja ta, ni da Lami maƙwabciyarta. Can sai ga minsharinka ya ratso tsakar gida. Sirajo, dariya ta yi. Da wannan numfashin nata ta yi dariya, ta ce, "Ji shi. Tun shina jinjiri haka ya ka yi."

Ta sa na kore kaji daga bakin zaure. Ta aiki Lami gida gida ta roƙi mata kada a yi daka. Lokacin sabon gero ne fa, amma ranar har azahar ba a ji tabarya ko ɗaya a unguwarmu ba. Masu zuwa dubiya ta ƙofar baya aka riƙa shigo da su. Kowane ɗan lokaci ta ce mini, "Saura nawa?" in duba waya in gaya mata. Atamfar da ka kawo tana bisa cinyarta, ta ƙi a ɗauke.

Da rana ta take numfashinta ya sake. Na gane, Lami ma ta gane. Na miƙe zan zo in tashe ka. Ta cafke mini wuyan hannu, ban san inda ta samo ƙarfin ba. Ta ce, "Saura nawa?" Na ce biyu, Goggo. Ta ce, "Bar shi ya cika."

Na ce Goggo, don girman Allah, ba zai yafe mini ba. Sai ta gaya mini abin da ya sa na kasa rubuto maka wata biyu, don na ji tsoron kada ya ɓata maka ita. Na yanke dai cewa naka ne, ba nawa ba. Ta ce:

"Ranar da ubanai yab biyo gida, awa biyu yay yi kwance cikin zauren ga. Masu taki sunka zaka suna sallama, suna sallama. Kunya ta kama ni. Ni nat tashe shi, Hahiza. Ni nat taɓa ƙahwatai nac ce tashi, mutane na jiranka. Ya tashi bai ce min komi ba, ya sha ruwa ya hita. Ban ƙara tashin kowa ba tun rannan, ba kuwa yau za ni hwarawa ba."

Ko Babana bai san wannan ba. Shekara ashirin da bakwai tana ɗauke da shi ita kaɗai, ni kuma ina yi mata tsiya cewa ta ɓata ka da barci.

Na ce mata ka roƙi gafara ba ta amsa ba. Ta ce, "Mi yay yi min? Ɗana ya zaka, na gane shi da idona. In na amsa mishi, zaunawa za shi yi gabana da jan ido har marece, gobe ya hau mota. Ki ce mishi na yahe tun bai shigo ba. Amma sai ya tashi da kainai." Ta dube ni ta ce, "Ke ma na yahe miki, mai bakin tsiya."

Daga nan ba ta ƙara magana da mu ba sai kalmar shahada. Hannuna na cikin nata har ta cika, kunnenta kuwa na wajen ƙofa. Ba bayanta ta ba ka ba, Sirajo. Fuskarta na duban zaure.

Ka tambaye ni mi ya hana ni taɓa ƙafarka. Ga shi na gaya maka. Har yau ban san ko na yi daidai ba, kuma in ka ƙi yafe mini ba zan ga laifinka ba. Na raba ka da barcinka a Yawuri, na kuma raba ka da ganin ƙarshenta a Lahodu. Ina kewarta ƙwarai. Wayarta tana wurina, ina sa mata caji ban san dalili ba.

Abu ɗaya nake roƙo. Duk inda wannan takarda ta ishe ka, kada ka hau mota sai ka yi barci.

'Yar'uwarka,
Hafiza.

*

Yawuri,
9 ga Janairu.

Hafiza,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya. Ki gaida Kawu, ki ce masa ina nan tafe ƙarshen wata, kuma ta zaure zan shigo.

A nan tashar Mode ya ba ni takardarki, kusa da inda ya ba ni waccan. Na shiga mota na rufe ƙofa na karanta. Na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Ba abin da ya ɓata mini Inna. Da na sani tun tana raye, da na gaya mata yaro ɗan shekara bakwai ma ya ji sallamar masu takin nan, kuma da ba ta tashi babana ba ni zan tashe shi.

Ba ki da laifi wurina. Ki ci gaba da kirana sunan da kika saba, gidan ya yi shiru da yawa.

Na kwanta bayan isha'i, ban farka ba sai da ladan ya yi kira. Da na buɗe ido na ga na cika, ban yi tunani ba na lalubo waya na danna lambar Inna. Ta shiga. Kika ɗauka kika yi sallama sau biyu, na kasa magana na kashe. Na san kin ga sunana.

Jiya tuƙi awa goma, barci awa takwas, ban rage ko minti ba. Ban san wanda za ki gaya wa ba.

Sirajo.